Ma'aunin ƙwauri da na saya a Garwa: abin da na gani bayan wata takwas ina aiki da shi

Ni ma'aikaciyar jinya ce a wani ƙaramin asibiti mai zaman kansa a Garwa da ke arewacin Kamaru, kuma kusan rabin aikina a gidajen mutane nake yin sa, domin ni ce nake zagaya tsofaffin da ciwo ya kwantar, waɗanda ɗauko su a kawo asibiti kan wahalar da su fiye da ciwon kansa. Daga cikin abubuwan da likita yake so in rubuto masa a kowane zuwa, wato bugun jini da sukari da zafin jiki da nauyi da tsawo, babu wanda ya daɗe yana ba ni wuya kamar tsawo. Wanda ɓarin jikinsa ya shanye ba zai miƙe ya jingina da bango ba, tsohuwar da bayanta ya ranƙwafa kuwa ko ta miƙe, abin da za a auna ba tsawonta na gaskiya ba ne. Wannan ne ya sa na nemi ƙarfen da ake auna ƙwauri da shi, daga dunduniya zuwa saman gwiwa, a yi lissafi a fitar da tsawon mutum gaba ɗaya. Na yi wata takwas ina aiki da shi, kuma ina ganin lokaci ya yi da zan faɗa wa abokan aikina na Garwa da Marwa da Ngaundere, har da na tsallaken iyaka a Cadi, abin da na same shi da shi.

Mai karatu da ba ma'aikacin lafiya ba ne zai iya tambaya, me ya haɗa tsohon da yake kwance da awon tsawo? Amsar ita ce nauyi shi kaɗai ba ya faɗin komai. Kilo 50 a jikin gajeriyar mace lafiya ce, a jikin dogon namiji kuwa rama ce mai tsanani. Saboda haka ake raba nauyin mutum a kilo da tsawonsa a mita sau tsawonsa, a sami lambar da takardunmu na Faransanci suke kira IMC, na Ingilishi kuma BMI. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauki abin da ya gaza 18.5 a matsayin rama ga baligi, hukumar lafiya ta Faransa kuwa, wadda da yawa daga likitocinmu suke bin ƙa'idojinta, tun daga 2021 ta ɗauki abin da ya gaza 22 a matsayin alamar tamowa ga wanda ya kai shekara 70. Da yake tsawon sau biyu yake shiga lissafin, ƙaramin kuskure a cikinsa yakan girma. Mace mai kilo 48, idan aka rubuta mata santimita 160 lambarta 18.8 ce, idan aka rubuta 165 sai ta sauka zuwa 17.6, ke nan santimita biyar sun tsallakar da ita daga wani aji zuwa wani. A manyan asibitoci ma da tsawo ake lissafin yawan iskar da na'urar numfashi za ta hura wa majiyyaci, da shi kuma ake fitar da faɗin fatar jiki gaba ɗaya wanda ake auna wasu magungunan ciwon daji da shi.

Na yi odar ma'aunin a wani shagon kayan asibiti da ke kusa da babbar kasuwa. Mai shagon bai taɓa jin labarinsa ba sai da na nuna masa hotonsa a waya, amma ya yi ƙoƙari ya tambayi wanda yake aiko masa kaya daga Duwala. Ya yi mini alkawarin mako biyu, kayan ba su iso ba sai bayan mako biyar, kuma a tsawon wannan lokaci ni ce nake kiransa, bai taɓa kirana ya sanar da ni halin da ake ciki ba. Na biya sefa dubu 35, rabi kafin a kawo, rabi bayan na karɓa. Abin da zan yaba masa shi ne ya bar ni na buɗe kwalin a gabansa, na gwada ma'aunin da ƙarfen awo na kafinta kafin in cika kuɗin, kuma ya ba ni rasiɗi ba tare da na roƙa ba.

Ma'aunin kansa sanda ce ta alminiyom mai tsawon santimita 60, an zana mata lambobi har zuwa milimita. Tana da leɓe biyu masu faɗi, ɗaya a kafe a ƙarshenta, ɗayan yana zamewa sama da ƙasa, da ɗan noti da ake murɗawa a tsayar da shi. Ba ta da nauyi, ina ɗaure ta a bayan babur tare da jakar kayan aikina. Yadda ake awon shi ne majiyyaci ya kwanta rigingine, a ɗaga ƙafarsa ta hagu a lanƙwasa gwiwa har cinya da ƙwauri su yi kusurwa irin ta bangon ɗaki, a kuma ɗago tafin ƙafa ya yi irin wannan kusurwar da ƙwauri. Sai a sa kafaffen leɓen a ƙarƙashin dunduniya, a zuro mai zamewar ya sauka a kan cinya kimanin santimita 3 sama da ƙoƙon gwiwa, sandar tana bin gefen ƙwauri ta waje, ta bi ta kan idon sawu. A ɗan danna domin tsoka ta lotsa, a murɗa notin, a karanta. Ana yi sau biyu, idan bambancin ya wuce rabin santimita a sake. A farkon zuwana nakan ɗauki kusan minti goma ina fama, yanzu minti biyu sun ishe ni idan akwai mai riƙe mini ƙafar.

Hikimar da ke cikin wannan awo ita ce tsufa yana rage tsawon mutum ta baya ne, ba ta ƙafa ba. Guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan baya yana bushewa ya lotsa, ƙasusuwan su kansu suna iya durƙushewa musamman ga mata bayan ɗaukewar al'ada, sai baya ya ranƙwafa. Dogayen ƙasusuwan ƙafa da na hannu kuwa, da zarar mutum ya gama girma suna nan yadda suke har ƙarshen rayuwarsa. Masu binciken gawa ne suka fara cin moriyar wannan sani. A 1888 wani likita a birnin Liyon na Faransa, Étienne Rollet, ya auna gawarwaki ɗari, maza hamsin mata hamsin, ya gwama tsawonsu da na ƙasusuwansu, Karl Pearson na Ingila ya gina lissafi a kan alƙalumansa a 1899, sannan Mildred Trotter da Goldine Gleser suka fitar da nasu a 1952 daga ƙasusuwan sojojin Amurka da suka mutu a yaƙin duniya na biyu. Wanda ya kawo abin gadon majiyyaci mai rai shi ne William Cameron Chumlea da abokan aikinsa a jihar Ohayo ta Amurka, a 1985, kuma lissafinsu ne aka buga a 'yar takardar da ta zo cikin kwalin. Ga namiji, a ninka tsawon ƙwauri da 2.02, a ƙara 64.19, a cire shekarunsa da aka ninka da 0.04. Ga mace, a ninka da 1.83, a ƙara 84.88, a cire shekarunta da aka ninka da 0.24.

Mutum na farko da na auna da shi a wajen asibiti wata Hajiya ce a unguwar Yelwa, wadda ta yi wata huɗu a kwance bayan ɓarin jikinta na dama ya shanye. Na shiga da sallama, muka gaisa da surukarta da jikokinta, na duba jininta, sannan na zaro sandar daga cikin zanen da na naɗe ta. Hajiya ta bi ta da ido tun daga hannuna har na ajiye ta a gefen katifa, sai ta ce da muryar da ba ta fita sosai, "'Yata, har an zo awon ne?" Ban fahimce ta nan take ba, sai da na ga surukar ta sunkuyar da kai tana share hawaye, sannan na tuna da karan da ake auna mamaci da shi a kai wa masu haƙar kabari. Jikina ya yi sanyi. Na durƙusa kusa da kanta na ce, "A'a Hajiya, Allah ya ƙara miki lafiya da nisan kwana. Ƙafarki kaɗai zan auna, domin likita ya san yawan abincin da jikinki yake bukata." Na kira jikarta 'yar shekara goma sha biyu ta kwanta a tabarma, na auna tata ƙafar a gaban kakar, na faɗa mata tsawon da ya fito, sannan Hajiya ta yarda. Tun daga ranar ban ƙara fito da sandar ba sai na yi bayani tukuna, kuma ina roƙon duk wanda zai yi aiki da ita a gidajenmu ya kiyaye wannan, domin babu takardar kamfani da za ta gaya masa.

Ƙwaurin Hajiya ya ba da santimita 49 daidai a awo na farko, 49.2 a na biyu. A nan ne na ci karo da matsalar da waɗanda suka tsara lissafin ba su yi tunaninta ba, wato shekaru. Katin shaidarta, kamar na yawancin tsofaffinmu, bai faɗi ranar haihuwa ba, cewa ya yi an haife ta wajajen 1953. Ita kuwa ta tabbatar mini cewa a shekarar da Kamaru ta sami 'yancin kai, 1960, lokacin da Ahmadu Ahijo ɗan garin nan ya zama shugaban ƙasa, tana ɗakin mijinta da goyon ɗanta na fari. Ke nan ta girmi katinta da kimanin shekara goma. A lissafin mata kowace shekara tana cire santimita 0.24, shekara goma kuwa santimita 2.4 ke nan, wanda ya ninka duk kuskuren da hannuna zai iya yi wajen riƙe sandar. Ga maza abin da sauƙi, domin shekara goma ba ta kai rabin santimita ba. Na ɗauki maganarta na bar ta katin, na lissafa da shekara 82, tsawonta ya fito kusan santimita 155. Katin nan dai ya rubuta mata mita 1.65, kuma ban yi mamaki ba, domin na sha ganin tsawon da ke kan kati ya yi hannun riga da na mai shi, ko don an rubuta shi tun mutum yana da ƙuruciya, ko don an auna shi da takalmi da ɗaurin kallabi, ko kuma an ƙiyasta da ido kawai.

Nauyinta kuwa ɗanta ne ya hau sikeli shi kaɗai, ya sake hawa yana ɗauke da ita, muka cire, ya ba da kilo 44. Da tsawon kati lambarta 16.2 ce, da na ƙwauri kuma 18.3. Duk biyun suna cewa ta rame kuma tana bukatar a ƙara mata abinci, amma na farkon yana nuna halin da ya kusa kai wa a kwantar da ita a asibiti, na biyun kuwa halin da za a iya gyarawa a gida da kunun gyaɗa mai madara da ƙwai da kifin Binuwai da aka dafa ya yi laushi, a riƙa ba ta kaɗan-kaɗan sau da yawa a yini. Likita ya zaɓi na biyun tare da sa ido, kuma a kan wannan tsawon muka ci gaba da bin nauyinta wata bayan wata.

Babban abin da nake zargin masu ma'aunin da shi ba a jikin ƙarfen yake ba, a takardar yake. Ta ba da lissafin 1985 kawai, ba ta faɗi cewa an tsara shi ne domin masu shekara 60 zuwa 90 ba, ba ta faɗi cewa a kan fararen fata na Amurka aka gina shi ba, kuma ba ta ambaci girman kuskuren da ke tattare da shi ko da kalma ɗaya ba. Wanda bai yi bincike ba zai danna kalkuleta ya ga 154.87 ya rubuta haka, yana zaton ya san tsawon majiyyacinsa har zuwa milimita. Alhali Chumlea ɗin nan da kansa ya sake fitar da wasu lissafai a 1998 daga babban binciken lafiyar al'ummar Amurka, ya ware na baƙar fata daban: ga namiji a ninka ƙwauri da 1.85, a ƙara 79.69, a cire shekaru sau 0.14, ga mace a ninka da 1.61, a ƙara 89.58, a cire shekaru sau 0.17. Kuma an bayyana cewa matsakaicin kuskurensu ya kai kimanin santimita 3.8. Ma'anar wannan ita ce cikin mutum uku, kimanin biyu ne tsawonsu na gaskiya zai faɗo tsakanin santimita huɗu sama ko ƙasa da abin da lissafi ya bayar, na ukun zai fita daga wannan iyaka. Idan Hajiya 151 ce lambarta 19.3, idan 159 ce 17.4. Dole mai jinya ya riƙe wannan faɗin a ransa, kuma ni a takardar majiyyaci nakan rubuta cikakkiyar lamba ba tare da ɗigo ba, in sa a gefe cewa ƙiyasi ne daga ƙwauri, domin wanda zai karanta bayana kada ya ɗauke shi awon tsaye. Na kwafe lissafin 1998 a kan kati na liƙa a jikin sandar, da shi nake aiki, ko da yake baƙar fatar Amurka ma ba mu ba ne, sun dai fi kusa da ƙirarmu.

To me ya sa ba zan tsaya ga tef ɗin tela ba, wanda kuɗinsa bai kai na kwanon abinci ba? Wannan tambaya ce ta gaskiya, kuma na daɗe ina yi wa kaina ita kafin in fitar da kuɗina. Mu Hausawa tun asali da jiki muke awo, da taƙi da kamu da gaba, mai haƙar rijiya da gaba yake faɗin zurfinta, kuma an saba cewa gabar mutum, wato daga ƙarshen yatsun hannu ɗaya zuwa na ɗayan idan ya ware su, daidai take da tsawonsa. Turawa ma sun gaji wannan magana daga maginin Rumawa Vitruvius, wadda Leonardo da Vinci ya zana wajajen 1490. Sai dai a jikinmu maganar ba ta cika daidai ba. Bincike a wurare da dama ya nuna cewa baƙar fata hannuwansu da ƙafafunsu sun fi tsawo idan aka gwama da gangar jikinsu, abin da masana suke dangantawa da zama a ƙasa mai zafi tun kaka da kakanni, domin dogayen gaɓɓai sun fi saurin fitar da zafin jiki. Na gwada a kaina. Tsawona a tsaye santimita 163 ne, gabata kuwa 171. Da a ce ni ce a kwance aka rubuta mini gabata, da an ƙara mini santimita takwas.

Na gwada sauran hanyoyin biyu da aka fi sani. Akwai awon sangalin hannu, daga tsinin gwiwar hannu zuwa ƙashin da ya ɗan turo a wuyan hannu ta ɓangaren ƙaramin yatsa, wanda wata ƙungiyar masana abinci ta Birtaniya ta yaɗa tare da jadawalinta tun 2003. Shi ne mafi sauƙi a cikinsu duka, ba ya bukatar a ɗaga zane ko a motsa majiyyaci, ya ɗora tafinsa a kafaɗa kawai a auna. Nawa sangalin santimita 27 ne, jadawalin ya ba ni mita 1.70, ya ƙara mini bakwai ke nan, kuma wannan ya yi daidai da abin da Angela Madden da abokan aikinta suka wallafa a Ingila a 2012, cewa jadawalin yana ƙara wa baƙar fata da 'yan Asiya tsawo. Akwai kuma rabin gaba, daga kwarmin wuya zuwa tsakanin yatsan tsakiya da na zobe, wanda Joan Bassey ta fitar da lissafinsa a 1986. Shi kuma yana bukatar majiyyaci ya iya miƙe hannunsa sosai a gefe, abin da mai shanyewar jiki ko mai amosanin kafaɗa ba zai iya ba, ga shi kuma sai an taɓa ƙirji, wanda a gidajenmu ba ƙaramin abu ba ne idan mai awo da majiyyaci ba jinsi ɗaya ba ne. Da na auna ƙwaurina, santimita 51.5, na yi amfani da lissafin da Chumlea ya fitar a 1994 domin baƙaƙen mata 'yan ƙasa da shekara 60, ya ba ni 161 da ɗoriya. Mutum ɗaya ba hujja ba ne, amma na maimaita gwajin a kan abokan aikina da wasu tsofaffi masu iya tsayuwa da suka zo duba jini, kuma abin da na riƙa gani shi ne awon hannu yana kuskure ta gefe guda, kullum ƙari yake yi, na ƙwauri kuwa wani lokaci ya ɗan haura wani lokaci ya ɗan gaza. Kuskuren da yake karkata gefe guda shi ya fi haɗari, domin zai sa a riƙa ganin mutanenmu sun fi ramewa fiye da yadda suke.

Ana iya auna ƙwaurin da tef, amma tef yana bin lanƙwasar tsoka, na yadi kuma yana miƙewa da tsufa, sannan babu abin da zai danna naman cinya. Da na gwada, awo biyu a ƙafa ɗaya sukan saɓa da fiye da santimita ɗaya, kuma kowane santimita na ƙwauri kusan biyu ne a tsawon jiki. Da sandar kuwa da wuya su saɓa da fiye da milimita uku. Ta wannan fuska kwalliya ta biya kuɗin sabulu.

Ƙarfen yana da nasa aibu. Mafi muni shi ne lambobin fenti ne aka buga, ba sassaƙa su aka yi ba. Ina goge sandar da sinadarin kashe ƙwayoyin cuta bayan kowane majiyyaci, kamar yadda ya wajaba, kuma cikin wata uku lambobin da ke tsakanin 45 da 55, inda aka fi aiki, suka fara dushewa. Na rufe su da siririn salatef mai haske, ya tsayar da abin, amma kayan asibiti da ba ya jure gogewa an yi sakaci wajen ƙera shi. Na biyu, ƙurar hunturu tana shiga tsakanin sandar da leɓen mai zamewa har ya cije, ga shi ba a haɗo shi da jaka ba, sai da na ba tela ya ɗinka mini kube da yadi mai kauri. A watan Afrilu, lokacin da zafin Garwa yake haura digiri 40, idan ya jima a bayan babur yakan yi zafin da ba za a ɗora shi a fatar tsoho ba sai an shafe shi da jiƙaƙƙen tsumma. Na uku, babu abin da yake nuna cewa gwiwa ta yi kusurwar da ake so, alhali ita ce tushen awon, don haka na sa kafinta ya yanko mini ɗan katako mai kusurwa uku da nake sawa a bayan gwiwa. Na huɗu, santimita 60 ba su isa ko da yaushe ba. Wani dattijo dogo daga wajen Yaguwa da aka kawo gidan ɗansa jinya, ƙwaurinsa ya cinye sandar har leɓen ya kusa fita, dole na koma ga tef. A ƙasar da take da dogayen mutane kamar tamu, wanda zai yi oda ya nemi mai santimita 70 ko fiye.

Akwai kuma waɗanda ma'aunin ba zai yi musu amfani ba ko kaɗan. Wanda ƙafarsa ta kumbura sosai saboda ciwon zuciya ko na ƙoda, dunduniyarsa da cinyarsa sun ƙara kauri, awon zai ƙaru. Wanda ya daɗe a kwance har gwiwarsa ta ƙage, ko tafin ƙafarsa ya sake ya miƙe ƙasa, ba za a sami kusurwar ba, kuma ba daidai ba ne a tilasta gaɓa ana jin ciwo saboda lamba. Ga mai shanyewar ɓari nakan auna lafiyayyar ƙafar ko da ta dama ce. Idan duka biyun sun gagara nakan koma ga sangalin hannu ina sane da ƙarin da yake yi, in haɗa da awon kaurin damtse, wanda iyaye mata a nan suka saba gani ana yi wa yara da ɗan tef mai launin ja da rawaya da kore, kuma yana da amfani ga manya ma. Game da maza kuwa, nakan sa ɗan majiyyacin ko ƙanensa ya naɗe masa wando ya riƙe ƙafar, a rufe cinya da mayafi, ni in riƙe sandar kawai, kuma ban taɓa samun wanda ya ƙi ba idan aka bi ta wannan hanya.

Wa ya kamata ya saya? Wanda yake bin tsofaffi gida-gida kamar ni, ko ɗakin kwanciya na manya inda ake karɓar masu shanyewar jiki da masu karaya, zai ci moriyarsa, da sharaɗin ya ajiye takardar da ta zo da shi ya nemi lissafin da ya fi dacewa. Ƙaramin asibitin ƙauye da yake da allon katakon nan na auna tsawon jarirai ba ya bukatar kashe sefa dubu 35, domin allon yana da leɓe kafaffe da mai zamewa, kuma a Faransa ma da irinsa ake yawan yin wannan awo. Nauyinsa ne kawai ya sa ba ya ɗaukuwa a babur, kuma ya fi dacewa da majiyyacin da za a iya zaunar da shi a bakin gado. Iyalin da suke jinyar tsoho ɗaya a gida kuwa ba su da dalilin saye, tunda sau ɗaya ake awon a rubuta a ajiye, abin da ake maimaitawa kowane wata shi ne nauyi.

Kafintan da ya yanko mini katakon kusurwa ya karɓi sandar ya jujjuya ta, ya ce idan na kawo masa ƙarfen awo mai sassaƙaƙƙun lambobi zai iya kafa shi a jikin katako mai ƙwari, ya yi masa leɓe biyu, tsawonsa ya kai santimita 75, a kan kuɗin da bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na abin da na biya ba. Na ba shi aikin guda ɗaya. Idan ya gama zan gwada su biyun a kan ƙafafu ɗaya, nawa na kanti da nasa, kuma idan awonsu ya zo daidai, nasa zan ba abokiyar aikina da take zagayen unguwannin tsallaken gada.